All, Whole, Every da 'Yan'uwansu: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Sinawa ke Koyon Faɗin "Duka" da Turanci

Na shafe wasu shekaru ina koyar da Turanci a birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin. Ɗalibaina manya ne, akasarinsu ma'aikatan kamfanonin da ke fitar da kaya zuwa ƙasashen waje. Tun da na dawo gida, malamai 'yan'uwana da 'yan kasuwarmu masu sarin kaya daga can suke yawan tare ni da tambaya iri ɗaya: me ya sa Basinen da ya iya Turanci sosai yake tuntuɓe a kan 'yan ƙananan kalmomi irin su *all*, *whole*, *every* da *both*? Na tattaro tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su a nan. Duk inda na ce Sinanci, Mandarin nake nufi, wato daidaitaccen harshen da ake karatu da shi a makarantu, ko da yake da yawa daga mutanen Guangzhou Kantonis suke yi a gida.

Waɗanne kalmomi ake magana a kansu?

Gida biyu ne. Na farko su ne *all*, *both*, *every* da *each*. Tsofaffin littattafan nahawu suna kiransu sifofi, masana na yanzu kuwa sun fi sanya su cikin mafayyata, wato kalmomin da ke fayyace wane suna ake nufi da kuma yawansa. Na biyu su ne sifofi na ainihi: *whole*, *entire*, *complete*, *total* da *full*.

Ɗalibi ba ya bukatar haddace waɗannan sunaye. Abin da zai amfane shi shi ne ya lura da inda kowace take tsayawa idan ta haɗu da *the* ko *my*. *All* da *both* suna shan gabansu: *all the money*, *both my hands*. *Whole* da ƙawayenta suna bin bayansu: *the whole day*, *my entire family*. *Every* da *each* kuwa ba sa zama kusa da *the* ko kaɗan.

Ba tun suna yara suke koyon Turanci ba? To ina matsalar take?

Tun suna yara suke koyo, kuma da gaske suke yi. Daga 2001 ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta umarci a fara koyar da Turanci daga aji uku na firamare. A jarrabawar shiga jami'a da ake kira gaokao, harshen waje yana da maki 150 cikin 750 a yawancin larduna, kuma Turanci ne mafi yawan ɗalibai suke zaɓa. A jami'a ma akwai jarrabawar Turanci mai suna CET-4 da aka fara a 1987. Wanda ya ratsa duk wannan ya san ma'anar kowace kalma da na lissafo. Ka ba shi tambayar zaɓi huɗu, zai canki daidai.

Matsalar tana fitowa ne idan ya zo gina tasa jimlar, musamman cikin sauri. Suna a Sinanci ba ya nuna tilo ko jam'i: 书 shū littafi ne, kuma littattafai ne. Akwai ɗafin 们 men mai nuna jam'i, amma ga mutane da wakilan suna aka fi amfani da shi. Babu kuma takwarar *the* ko *a*. Turanci kuwa kafin ya bar ka ka ce "duka" sai ka amsa masa tambayoyi: abin nan ana ƙirga shi? Guda ɗaya ne ko da yawa? Idan da yawa ne, biyu ne ko sun haura biyu? A dunƙule kake kallonsu ko ɗaya bayan ɗaya? Harshen da Basine ya sha a nono bai taɓa tilasta masa amsa waɗannan tambayoyi ta wannan hanya ba, shi ya sa bakinsa ke riga shi.

Na sha jin suna cewa *we all are students* ko *these books I all read*. Daga ina wannan ya samo asali?

Daga kalma guda ɗaya: 都 dōu. A ganina wanda ya fahimci wannan kalma ya fahimci rabin matsalar.

Ƙamus na fassara ta da *all*, kuma ɗalibi ya riƙe hakan tun yana ƙarami. Amma dōu bayanau ce, wato kalmar da ke ƙara bayani a kan aikatau. Wurinta ɗaya ne, gab da aikatau, kuma baya take waiwayawa ta tattaro abin da aka riga aka ambata. 我们都是学生 wǒmen dōu shì xuésheng, kalma bayan kalma, "mu duk ne ɗalibai". Shi ya sa *we all are students* ke fitowa. Ba za a ce kuskure ne ƙarara ba, amma Bature zai ce *we are all students*, domin a Turanci *all* tana bin bayan *am*, *is*, *are* da mataimakin aikatau na farko, tana kuma shan gaban sauran aikatau: *we have all eaten*, *we all went*.

Ɗaya misalin ya fi ban sha'awa ga Bahaushe. Basine yana cewa 这些书我都看了 zhèxiē shū wǒ dōu kàn le. Mu ma haka muke cewa: "littattafan nan duk na karanta su". Ka ga an fara da abin da ake magana a kansa, sannan "duk" ta zo daga baya ta tattara shi. Ranar da na fara lura da wannan a aji na ji daɗi ƙwarai, don na gane cewa ina iya jin abin da ɗalibina yake ji. Turanci bai yarda da wannan tsari ba. Sai an kai *all* jikin sunan: *I have read all these books*, ko a ce *I have read them all*.

Akwai kuma wuraren da dōu ba ta nufin "duka" sam. A 连他都知道 lián tā dōu zhīdào, ma'anar ita ce "har shi ma ya sani". Turancinsa *even he knows*, ba wata *all* a ciki. Haka kuma 每 měi, wato "kowane", kusan kullum tana jawo dōu a bayanta, sai ka ji *everyone all came*. Maganin wannan shi ne a gaya wa ɗalibi cewa *every* ta riga ta yi aikin su biyun.

Me ya sa wani zai ce *my parents are all teachers*?

Saboda dōu ba ta damu da ko biyu ne ko ɗari ba. Turanci ya ware wa biyu kalmarsu ta daban, *both*, kuma wanda ya ji *all* zai ɗauka an haura biyu. Daidai shi ne *my parents are both teachers*. Yaranmu ma suna yin wannan kuskure, tunda muna cewa "iyayena duk malamai ne". A korewa kuma *neither* ake so: *neither of them came*, maimakon *both of them didn't come*.

Mene ne ainihin bambancin *all* da *whole*?

Na daina bayyana wannan da baki tun shekarata ta farko. Nakan shigo aji da ledar lemo, a ciki guda shida, na zube su a kan tebur. Sai na share su da hannu gaba ɗaya zuwa gefe na ce *all the oranges*. Sannan na ɗauki guda ɗaya, na ɓare, na nuna ɓangarorinsa a haɗe, na ce *the whole orange*. Wata ɗaliba da ke aikin lissafin kuɗi a kamfaninsu ta taɓa ɗaga hannu ta ce: "Malam, ashe na farko 所有 suǒyǒu ne, na biyu 整个 zhěnggè." Haka ne kuwa. Sinanci yana da bambancin, sai dai ba a saba haɗa shi da na Turanci ba.

*All* tana tattara abubuwa da yawa, ko abin da ba a ƙirgawa: *all the cartons*, *all the rice*, *all the money*. *Whole* tana ɗaukar abu guda mai iyaka ta ce ba a gutsure komai daga jikinsa ba: *the whole carton*, *the whole city*. Don haka ba a cewa *the whole rice* ko *the whole money*. A nan ne harshen ɗalibin yake taimakonsa. Sinanci yana sa kalmar awo tsakanin adadi da suna, kuma 整 zhěng tana manne da kalmar awon ce: 整袋米 zhěng dài mǐ, buhun shinkafa guda cur. Sai na ce masa: kawo buhun cikin Turancin ma. *The whole bag of rice*. Da zarar ya saba neman "mazubin", ya huta.

Wasu abubuwa uku da ke biyo bayan wannan. Da sunan wuri ba a cewa *the whole China*, sai *the whole of China* ko *all of China*. Idan *whole* ta zo da jam'i ma'ana takan sauya: *all the villages were flooded* yana nufin babu ƙauyen da ya tsira, *whole villages were flooded* kuwa yana nufin wasu ƙauyuka ruwa ya cinye su ɗungurungum, wasu kuma ƙila bai taɓa su ba. Sannan *three whole days* shi ne namu "kwana uku cur", nasu kuma 整整三天 zhěngzhěng sān tiān.

Game da lokaci, *all day* da *the whole day* abu ɗaya ne, yini guda ke nan. *Every day* kuwa kullum ne. Ma'aikacin da ya rubuta *the factory is closed all day* alhali yana nufin kullum, ko akasin haka, ya ɓata wa mai saye shiri.

*All students*, *all the students*, *all of the students*: duk ɗaya ne?

Na biyu da na uku ɗaya ne, suna nufin wasu sanannun ɗalibai, misali na ajinmu. Na farko na gama-gari ne, kamar a dokar makaranta. Wanda ba a yarda da shi ba shi ne *all of students*, kuma shi ne ya fi yawa a takardun da na duba. Idan *of* ta shigo gaban suna irin *students*, dole kalma irin *the*, *my* ko *these* ta biyo. Idan *all* ta sha gaban wakilin suna kuwa *of* wajibi ce: *all of us*, *all of them*.

A kula kuma da barin *all* ita kaɗai a matsayin "komai" ko "kowa". Ɗalibi yana fassara 一切 yíqiè ko 大家 dàjiā sai ya ce *all is ready*, *all like it*. Turancin yau da kullum ya fi son *everything is ready*, *everyone likes it*.

An ce akwai harafin Sinanci guda da ke da fassara har biyar a Turanci. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, shi ne 全 quán. Dubi yadda yake sauya riga. 全名 quánmíng, cikakken suna, *full name*. 全麦 quánmài, alkamar da ba a cire mata dusa ba, *whole wheat*. 全套 quántào, saiti cikakke, *complete set*. 全天 quántiān, *all day*. 日全食 rìquánshí, husufin da wata ya rufe rana baki ɗaya, *total eclipse*. Wannan na ƙarshe nakan yi amfani da shi a aji saboda da yawa daga ɗalibaina sun tuna husufin 22 ga Yulin 2009 da ya bi ta kwarin kogin Yangtze, ni kuma na tuna na 29 ga Maris 2006 da ya ratsa arewacin Najeriya da Nijar.

Babu wata ƙa'ida da za ta gaya wa mutum dalilin da ya sa ake cewa *full name* ba *whole name* ba a takardar cikewa, ko *whole milk* a Amurka. Al'adar harshe ce, kalmomi ne da suka saba tafiya tare. Shawarata ita ce a riƙe su bibbiyu, sifa da sunanta, kamar kalma guda. Ɗalibin da ya haddace jerin "ma'anonin quán" yana nan inda yake, wanda ya haddace *full name, full price, full moon* ya wuce shi.

Wani abu da ke ƙara rikita su shi ne sunayen hukumomin ƙasarsu a Turanci. Babbar ƙungiyar ƙwadago da aka kafa a Guangzhou a 1925 sunanta All-China Federation of Trade Unions, ta mata kuma All-China Women's Federation. Mai ganin wannan kullum zai ɗauka *all China* ita ce hanyar cewa "duk faɗin ƙasar". A cikin suna, da 'yar karan ɗori a tsakani, daidai ne. A cikin jimla *all over China* ko *throughout China* ake cewa.

*Every* da *each* fa?

Dukansu suna ɗaukar suna tilo da aikatau na tilo, kamar namu "kowane ɗalibi", "kowace mota". *Every student has a book*. Kuskuren da ya fi yawa shi ne *every students have*, domin a zuciyar mai maganar mutane da yawa yake gani.

Bambancinsu na mahanga ne. *Every* tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya don ta tabbatar ba a tsallake kowa ba. *Each* tana tsayawa a kan kowane ɗaya shi kaɗai. Shi ya sa ake cewa *almost every shop*, ba a cewa *almost each shop*. *Each* tana yi wa abu biyu aiki, *on each side of the road*, *every* kuwa sai daga uku. *Each* tana iya tsayawa ba suna, tana ma iya zuwa ƙarshe a maganar farashi: *ten yuan each*, wato yuan goma-goma. *Every* ba ta iya wannan, sai an ce *every one of them*.

A lissafin tazarar lokaci mai adadi *every* ce kaɗai: *every two weeks*. *Every other day* kuma yana nufin yau a yi, gobe a tsallake. Kuma a rubutu *every day* a rabe ita ce "kullum", *everyday* a haɗe sifa ce mai nufin "na yau da kullum".

Wanne ne kuskuren da ya fi haɗari?

Korewa. Sauran kurakuran kunne kawai suke sosa wa, wannan kuwa yana cin kuɗi.

Wani ɗan kasuwa daga Kano da muka saba ya taɓa zuwa wurina ransa a ɓace. Ya yi odar kaya, lokacin lodi ya matso, sai ya tura saƙo ta manhajar WeChat yana tambaya ko kayan sun haɗu. Ma'aikaciyar kamfanin ta amsa: *All the cartons are not ready.* Shi ya fahimci cewa ba duka ne suka haɗu ba, ke nan akwai waɗanda za a iya ɗauka. Ya yi hayar mota da masu dako, suka yi tafiya mai nisa zuwa masana'antar, suka tarar ko kwali ɗaya ba a rufe ba. Ya ce mini: "Malam, yaudarata aka yi." Na karɓi wayar na karanta saƙon sau biyu. Na ce masa: "Alhaji, ba ta yi maka ƙarya ba. A harshenta ta gaya maka babu ko ɗaya."

Sinanci a nan ya fi Turanci tsabta. Jerin kalmomi ne ke raba ma'ana. 他们都不是学生 tāmen dōu bú shì xuésheng, "duk ba", yana nufin babu ɗalibi ko ɗaya a cikinsu. 他们不都是学生 tāmen bù dōu shì xuésheng, "ba duk", yana nufin wasu ɗalibai ne, wasu ba ɗalibai ba. Hausa ma haka: "duk ba su zo ba" daban, "ba duka suka zo ba" daban. Turanci ne ya bar *all ... not* da fuska biyu, har Turawa kansu sukan fahimce ta ta kowace hanya.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne littattafan makaranta a ƙasar Sin suna koyar da cewa *all ... not* korewar wani ɓangare ce, abin da suke kira 部分否定 bùfen fǒudìng. Ke nan wanda ya tuna darasin aji zai rubuta ta yana nufin "ba duka ba", wanda ya fassara daga zuciyarsa zai rubuta ta yana nufin "babu ko ɗaya". Jimla ɗaya, daga ofis ɗaya, ma'ana biyu. A ajina na haramta ta gaba ɗaya. Idan babu ko ɗaya, *none of the cartons are ready*. Idan wasu sun haɗu, *not all the cartons are ready*. Ban yarda a yi sassauci a nan ba.

Shin Bahaushe yana da wata fa'ida wajen koyar da wannan?

Yana da ita, kuma babba ce. Dubi yadda muke gina kalmominmu: ko da wa, kowa. Ko da me, komai. Ko da ina, ko'ina. Muna ɗaukar kalmar tambaya mu mayar da ita ta game duka. Sinanci ma haka yake yi da dōu: 谁都 shéi dōu, "wa duk", kowa ke nan. 什么都 shénme dōu, komai. 哪儿都 nǎr dōu, ko'ina.

Turanci ya raba wannan gida biyu, *every* da *any*, mu da su kuwa kalma ɗaya muke da ita. "Kowa ya sani", *everyone knows*. "Kowa na iya zuwa", *anyone can come*. *Every* na nufin dukansu, *any* na nufin ko wanne ka ga dama. Idan mai sito ya ce *open any carton*, ɗaya za ka zaɓa ka buɗe. Idan ya ce *open every carton*, yau kuna nan har dare. A korewa kuma "ban ga kowa ba" shi ne *I didn't see anyone*. Wanda ya ce *I didn't see everyone* ya ga wasu.

Malamin da Turanci ne harshensa na gado bai taɓa jin wannan rikici a jikinsa ba, sai ya karanta a littafi. Mu mun ji shi tun muna firamare.

*Entire* da *whole* akwai bambanci?

Kaɗan ne. *Entire* ta fi nauyi, ta fi dacewa da rubutu na hukuma, kuma kusan kullum gaban suna take zuwa. *Whole* ta fi sakewa, tana iya zama suna: *as a whole*, *on the whole*. Asalinsu ne ya bambanta. *Whole* daga tsohon Turanci take, dangin *heal* da *health*, wato abin da ke lafiya bai fashe ba. *Entire* ta shigo ta Faransanci daga kalmar Latin *integer*, wadda har yau ake amfani da ita a lissafi ga lambar da ba ta da ɓari, abin da Sinawa ke kira 整数 zhěngshù.

A harkar kasuwanci yaya ake raba *complete*, *full* da *total*?

*Complete* na nufin babu ɓangaren da ya ɓace. *Full* na nufin babu sauran wuri, ko an kai maƙura. *Total* jimilla ce bayan an haɗa lissafi. Kwali na iya zama *full* alhali saitin da ke ciki bai zama *complete* ba, idan an cika shi da kofuna an manta murafensu.

Masu zuwa baje kolin Canton, wanda ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara tun 1957, sun san waɗannan kalmomi ko da ba su taɓa nazarinsu ba. FCL, *full container load*, kwantena ce ta mutum ɗaya, Sinawa na ce mata 整柜 zhěngguì. Ka lura, su "guda cur" suka ce, Turanci ya ce "cikakkiya". Baburan da ake shigowa da su a wargaje cikin kwalaye a haɗa su a gida ana kiransu CKD, *completely knocked down*. Biyan kuɗi gaba ɗaya *full payment* ne, jimillar kuɗin kuma *total amount*.

Akwai kuskure guda da na gani a takardun farashi ba adadi: *totally 500 pieces*. Fassarar 一共 yígòng ce. Amma *totally* na nufin "kwata-kwata" ko "ɗari bisa ɗari", kamar a *I totally agree*. Abin da ake so shi ne *500 pieces in total* ko *a total of 500 pieces*.

*Complete* da *total* suna kuma aikin ƙarfafa magana: *a complete stranger*, *a total failure*. *Utter* ma haka, amma ga abu mara daɗi aka fi jin ta. *Whole* ba ta shiga nan.

Ana iya cewa *very complete*?

Za a fahimta, amma ba ta zauna ba. Dalilin fitowarta shi ne sifa a Sinanci idan ta zo a matsayin bayani takan bukaci 很 hěn a gabanta, ko da ba a nufin "ƙwarai". Ɗalibi ya saba fassara hěn da *very*. Abin da ya cika ya cika, sai dai a ce *almost complete*, kuma *more complete* ma ana amfani da ita. Idan rahoto ake yabo, *thorough* ko *comprehensive* sun fi dacewa. *Very whole* da *very total* babu su. *Very full* kuwa daidai ce.

Me ya sa ba na gane su idan sun furta waɗannan kalmomi?

Gaɓa a Mandarin tana ƙarewa da wasali, ko *n*, ko *ng*, wani lokaci *r*. Ba ta ƙarewa da *l*. To *all*, *whole*, *full* da *total* duk da sautin *l* suke ƙarewa, sai ya narke ya koma kamar *o*. Babu *v* a daidaitaccen Mandarin, sai *every* ta fito da *w*. *Th* na *both* yakan koma *s*, har ta yi kama da *boss*. Mu ma ba mu da *v* da *th*, namu ne ya bi wata hanya daban, muna cewa "ebiri". Idan Bahaushe da Basine suna ciniki da Turanci, kowa yana jin baƙon sauti daga ɗan'uwansa, haƙuri ake yi wa juna. A gaya wa ɗalibi kuma cewa *w* na *whole* ba a furta shi, sautinta ɗaya da *hole*.

Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne. Me zan yi a aikace?

Kada ka gyara wa abokin cinikinka Turanci, balle a gaban maigidansa. Suna ɗaukar mutunci a idon jama'a da muhimmanci ƙwarai, abin da suke kira 面子 miànzi, kuma mu ma mun san zafin a kunyata mutum a bainar jama'a. Abin da za ka yi shi ne ka sauya yadda kake tambaya. Maimakon *is everything ready?* ka ce *how many cartons are ready today?* Maimakon *is the set complete?* ka nemi a lissafo maka abin da ke cikin kwali ɗaya, a ɗauko hoto. Idan ka ga *all* da *not* a jimla guda, ka tsaya ka sake tambaya: *zero, or some?*

Kai ma ka duba naka saƙon kafin ka tura. Idan kana son a duba kowane kwali, rubuta *every carton, one by one*. Idan samfuri kake so daga ko wanne, rubuta *any one carton*. Alhajin da na ba da labarinsa yanzu ba ya hayar mota sai an turo masa adadi da hoton kwalayen a jere a bakin sito, da lambar kowane a jikinsa.